Binciken al'adu: zuciyar mai bincike ma tana cikin aikin

Ilimin al'adun bil'adama, wanda ake kira antropoloji a jami'a, fanni ne da ke nazarin zaman mutane: aure, gado, sarauta, kasuwa da addini. Mai wannan aiki yakan tare a gari watanni ko shekaru, ya koyi harshe, ya halarci suna da jana'iza, sannan ya rubuta abin da ya fahimta.

Da can, ana son mai bincike ya ɓoye kansa a rubutu, kamar ba shi da so ko ƙi. Wannan ra'ayi ya girgiza a 1967, lokacin da aka wallafa littafin sirrin Bronislaw Malinowski, wanda ya yi aiki a tsibiran Trobriand. A ciki an ga kaɗaicinsa da haushin da yakan ji game da mutanen da ya zauna da su. Daga nan masana suka ƙarfafa abin da ake iya kira duban kai: mai bincike ya bayyana wane ne shi, gidan wa ya sauka, wa ya yi masa tafinta, kuma yaya tsoro, ƙauna ko kunya suka shafi abin da ya gani.

Akwai misali kusa da Dungas. Ba'amurke William Miles ya koyar a Magariya daga 1977 zuwa 1979 a ƙarƙashin Peace Corps. Daga baya ya dawo ya yi bincike a Yekuwa, cikin ƙasar Magariya, da Yardaji a ƙasar Daura ta Najeriya. A littafinsa Hausaland Divided na 1994 ya kwatanta yadda mulkin Faransa da na Ingila suka bambanta rayuwar Hausawan garuruwan biyu. A 2008 kuma ya fitar da My African Horse Problem, labarin dawowarsa a shekarar 2000 tare da ɗansa saboda rigimar gado a kan dokin da ya bari. A nan mai bincike ya zama ɗaya daga cikin masu magana a rigimar, da abokai da nauyin amana a kansa.

Duban kai yana da amfani, domin masauki yana buɗe ƙofa ya rufe wata. Wanda ya sauka gidan maigari zai fi jin bakin fadawa fiye da na talakawa, kuma namiji ba ya shiga inda mata suke sakin baki.

Yau ɗaliban jami'ar André Salifou ta Damagaram da masanan LASDEL ta Yamai suna irin wannan aiki a gida. Ɗan ƙasa ma yana da dangi da ra'ayi. Saboda haka, in mai bincike ya zo Dungas, haƙƙin jama'a ne su tambaye shi wa ya aiko shi, ina maganarsu za ta je, kuma ko za a sakaya sunayensu.