Daga Kulle Zuwa Gayya: Tarihin Ƙananan Umarnin Taimako a Tsarin Kiyaye Sauye-sauyen Manhaja

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin wani ɓangare na tarihin kwamfuta wanda masana ba su cika tsayawa a kansa ba, watau 'yan gajerun rubuce-rubucen umarni da masu rubuta manhaja sukan tsara don su sarrafa na'urorin da ke kiyaye musu sauye-sauyen aikinsu. Abin da ake nufi da kiyaye sauye-sauye shi ne a sami wani rumbu da zai riƙe kowane gyara da aka yi wa fayil, da sunan wanda ya yi shi, da lokacin da aka yi, ta yadda in an yi ɓarna yau za a iya komawa ga kwafin jiya. Za a yi ƙoƙarin nuna abu biyu. Na farko, da yawa daga cikin manyan na'urorin nan a matsayin 'yan rubutun taimako suka fara. Na biyu kuwa, matsalar da ta dami magabata game da mutum biyu su taɓa fayil ɗaya, ita ce ta sake dawowa lokacin da aka fara sa kwamfuta ta yi ayyuka da yawa a lokaci guda, abin da za mu kira aikin gayya a nan.

2.0 Zamanin kulle

A shekarar 1972 ne Marc Rochkind ya ƙago SCCS a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka. Ya fara rubuta shi da harshen SNOBOL4 a kan kwamfutar IBM 370, sa'an nan a 1973 aka mai da shi harshen C don ya yi aiki a kan Unix. Bayan shekara goma, watau a 1982, Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS. Dabarar Tichy ita ce a ajiye kwafin ƙarshe cikakke, tsofaffin kwafi kuwa a ajiye su a matsayin bambanci kawai, ana lissafawa baya-baya, tun da yake kwafin ƙarshe shi mutane suka fi nema. Wannan bambanci kuwa ba RCS ke gano shi da kansa ba, yakan kira wani ƙaramin umarni ne mai suna diff, wanda Douglas McIlroy da James Hunt suka yi aiki a kansa a tsakiyar shekarun 1970. Ke nan tun daga tushe, al'adar Unix ta ƙaramin umarni ya kira ɗan'uwansa tana cikin jinin waɗannan na'urori.

SCCS da RCS sun yi tarayya a kan abu biyu. Kowannensu fayil ɗaya yake kula da shi a lokaci guda, kuma kowannensu da kulle yake raba gardama. Wanda zai gyara fayil sai ya ɗauko shi ya sa masa kwaɗo, sauran abokan aiki su jira har ya mayar. Tsari ne mai sauƙin ganewa, amma yana da tsada. In mai riƙe da makulli ya tafi hutu, aiki ya tsaya sai an nemi mai iko ya ɓalle kwaɗon. Haka kuma manhaja mai fayil ɗari tana bukatar a ba da umarni iri ɗaya ga fayil ɗari, shi ya sa kusan kowace ma'aikata ta tara nata 'yan rubuce-rubucen shel, watau harshen ba da umarni na Unix, don su riƙa zagaya fayilolin suna kiran RCS a madadin mutum.

3.0 Rubutun taimakon da ya zama na'ura

Ɗaya daga cikin irin waɗannan rubuce-rubuce shi ne ya canja tarihi. Dick Grune malami ne a Jami'ar Vrije da ke birnin Amsterdam a ƙasar Holan. Daga Yuli 1984 zuwa Agusta 1985 ya yi aiki da ɗalibansa biyu a kan manhajar fassara harshen C, kuma lokutan aikinsu ba su zo ɗaya ba: ɗalibi ɗaya da rana yake aiki, ɗayan ba shi da tsayayyen lokaci, shi kuwa malamin sai da yamma yake samun sukuni. Kulle ba zai yi wa irin waɗannan mutane amfani ba. Sai Grune ya rubuta wasu umarnin shel a bisa RCS, waɗanda suke barin kowa ya ɗauki nasa kwafin ya yi gyara ba tare da kwaɗo ba, in ya zo mayarwa sai a haɗa gyaransa da na sauran. In mutum biyu sun taɓa layi ɗaya ne kaɗai za a tsaya a ce su sasanta. A watan Yuni 1986 ya saki waɗannan rubuce-rubuce ga jama'a ta hanyar Usenet da sunan CVS.

A 1989 Brian Berliner ya sake rubuta CVS da harshen C, a 1990 kuma ya gabatar da takarda a kansa a taron USENIX. Kan takardar tasa yana magana ne a kan yin aikin manhaja kafaɗa da kafaɗa, kuma ya kamata a lura cewa mutane yake nufi, ba injuna ba. Gayyar farko a wannan fage ta 'yan Adam ce.

Sai dai CVS bai rabu da kulle gaba ɗaya ba, ya dai rage masa tsawo ne daga kwanaki zuwa daƙiƙoƙi. Duk lokacin da zai rubuta a cikin rumbu yakan ƙirƙiri wata alama a babban fayil ɗin da yake ciki, wanda ya zo ya tarar da alamar sai ya jira daƙiƙa 30 ya sake gwadawa. Kuma da yake har yanzu fayil-fayil ake ajiya a ƙarƙashi, in layin sadarwa ya yanke a tsakiyar mayar da fayil ashirin, sai goma su shiga goma su rage a waje, rumbu ya zama ba na jiya ba, ba na yau ba. Wannan rauni yana cikin manyan dalilan da suka sa aka fara Subversion a shekarar 2000, inda gyara yake shiga ko dai dukkansa ko kuwa babu ko ɗaya.

4.0 Bututu da tangaran

A watan Afrilu 2005 masu rubuta zuciyar Linux suka rasa damar amfani da BitKeeper kyauta, wanda suka dogara da shi tun 2002. Linus Torvalds ya fara rubuta Git ranar 3 ga watan, kafin ranar 7 Git ya fara kiyaye tarihin kansa. Abin da ya fitar a makonnin farko 'yan ƙananan umarni ne na C masu wuyar sha'ani, wannan ya ajiye abu a rumbu, wancan ya karanto shi, wani ya kwatanta biyu. Shi da kansa ya kwatanta su da bututun ruwa da ke cikin bango, ya bar wa wasu su ɗora tangaran ɗin da idon mutum zai gani. Petr Baudis ya ɗora nasa da rubutun shel, ya sa masa suna Cogito, kuma mutane da yawa ta nan suka fara shiga Git, har zuwa 2007 da aka daina raya shi domin Git ya riga ya sami nasa tangaran a hannun Junio Hamano, wanda ya karɓi ragamar aikin a Yuli 2005.

A ganina wannan rabo na bututu da tangaran shi ne babbar gudummawar Git ga masu rubutun taimako, domin alkawari ne aka yi musu. Abin da umarnin bututu ke fitarwa ba za a canja fasalinsa ba gaira ba dalili, amma abin da tangaran ke nunawa ana iya gyara shi ko a fassara shi zuwa wani harshe a kowane lokaci. Wanda ya gina rubutunsa a kan saƙon da aka tsara don idon mutum, ranar da aka sabunta Git ko aka kai rubutun kwamfutar da aka saita da Faransanci sai ya rushe. Duk da haka mutane ba su daina ba, har sai da aka ƙara wa umarnin status wani fasali tsayayye domin rubutun taimako a fitowa ta 1.7.0 a 2010. Su kansu umarnin tangaran na Git da yawa da shel aka fara rubuta su, daga baya aka riƙa mai da su C ɗaya bayan ɗaya: pull a 2015, rebase a 2018. Babban dalili shi ne, a kan Windows tayar da sabon umarni yana cin lokaci, rubutun shel kuwa yakan tayar da ɗaruruwa.

5.0 Gayyar injuna

Dabarar sa kwamfuta ta yi ayyuka da yawa tare ta girmi Git ƙwarai. GNU make yana da zaɓin -j da ake faɗa masa yawan ayyukan da zai ɗauka a lokaci guda, xargs na GNU kuma yana da -P. Abin da ya jawo dabarar cikin fagen kiyaye sauye-sauye shi ne yawan rumbuna. Da yake buɗe rumbun Git ba ya cin komai, sai ayyuka suka rarrabu. Joey Hess ya rubuta mr a 2007 don ya ba da umarni ɗaya ga dukkan rumbunansa, ko na Git ne ko na Subversion. Lokacin da Google ya saki rubutun Android a Oktoba 2008, an raba shi cikin rumbuna masu yawan gaske, tare da wata na'urar taimako mai suna repo da aka rubuta da harshen Python, wadda take karanta jerin rumbunan daga fayil guda ta ɗauko su. Ɗauko rumbu ɗari bi da bi yawancinsa zaman jira ne, ana sauraron amsa daga wata kwamfuta mai nisa, don haka in an aika takwas tare, jiran nasu ya haɗu ya zama ɗaya. A 2010 kuma GNU parallel na Ole Tange ya shiga cikin kayan GNU.

To, a nan ne tsofaffin matsaloli suka dawo da sababbin tufafi. Ta farko ita ce cuɗanyar saƙo. In ma'aikata takwas suna rubutu a allo ɗaya, layin wannan yakan shiga tsakiyar na wancan, kuskuren da ya faru a rumbu na 37 ya ɓace cikin hayaniya, mai aiki ya tashi yana zaton komai ya tafi daidai. GNU parallel ya magance wannan ta hanyar riƙe saƙon kowane aiki har ya gama, sa'an nan ya fitar da shi a dunƙule. Ta biyu ita ce sanin wanda ya faɗi. xargs yakan dawo da lamba 123 in wani daga cikin ayyukan ya kasa, amma ba ya cewa wane ne, sai mai rubutu ya tanadi nasa lissafin. Akwai kuma sunan fayil mai fili a tsakiya, wanda shel kan ɗauka sunaye biyu ne, shi ya sa Git ya tanadi zaɓin -z, xargs kuma -0, don a raba sunaye da alamar da ba ta taɓa shiga cikin suna. Har ila yau ita kwamfutar da ake ɗaukowa daga gare ta tana da nata haƙuri: OpenSSH, in ba a canja saitinsa ba, yakan fara korar wasu baƙi da zarar waɗanda ba su gama shaida kansu ba sun kai 10.

Mafi muhimmanci dai shi ne kulle. Duk lokacin da Git zai canja jadawalin fayilolin da ake shirin ajiyewa, yakan ƙirƙiri fayil mai suna index.lock, ya rubuta sabon jadawali a ciki, sa'an nan ya canja masa suna ya maye gurbin tsohon. Umarni na biyu da ya zo ya tarar da wannan fayil ba ya jira irin na CVS, ficewa yake yi da kuskure. Wannan kwaɗon Rochkind ne da Tichy, sai dai yanzu ba ya wuce ƙiftawar ido. Saboda haka ƙa'idar da masu rubutun taimako suka koya ita ce a raba gayya rumbu-rumbu, kada a sa ma'aikata biyu masu rubutu a rumbu ɗaya. Abin mamaki, har umarnin status, wanda kowa ke ɗauka kallo kawai yake yi, yakan ɗauki wannan kulle don ya sabunta jadawali in ya sami dama. Manhajojin rubutu da ke kiransa a ɓoye kowane ɗan lokaci sukan yi karo da mai aiki, sai da aka ƙara zaɓin hana wannan a fitowa ta 2.15 a 2017.

Akwai kuma iyaka ta lissafi, wadda Gene Amdahl ya bayyana tun 1967. In kashi ɗaya cikin goma na aiki dole a yi shi bi da bi, ko an kawo ma'aikata dubu saurin ba zai wuce ninki goma ba. Ga mai rumbuna da yawa ma'anar wannan a fili take: in rumbu ɗaya ya fi sauran girma nesa ba kusa ba, sauran za su gama su zauna jiransa, don haka hikima ita ce a fara da shi.

Kamar yadda CVS ya haɗiye abin da rubutun Grune ke yi, haka Git ya riƙa haɗiye gayyar da masu taimako ke shiryawa daga waje. A fitowa ta 2.8 a 2016 ya sami zaɓin ɗauko ƙananan rumbunan da ke cikin babba a lokaci guda, a 2019 aka faɗaɗa wannan zuwa ɗaukowa daga wurare da yawa, a fitowa ta 2.32 a 2021 kuma aka kawo shimfiɗa fayiloli da ma'aikata da yawa. Amma wannan na ƙarshe ba a kunna shi ga kowa ba, an bar adadin ma'aikata a kan ɗaya sai wanda ya so ya ƙara. Dalilin da masu Git suka bayar shi ne, ribar tana fitowa ne a kan faifan ajiya na zamani marar juyawa ko wanda ake kaiwa gare shi ta layin sadarwa, amma a kan tsohon faifai mai juyawa, wanda allurarsa ɗaya ce, ma'aikaci guda yana bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya ya fi taron takwas sauri a mafi yawan lokuta.