Daga Walki Zuwa Gezna: Tarihin Suturar Namiji a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya lura da filin Idi ko wurin ɗaurin aure a yau, zai ga cewa namijin da ya san kan ado, komai bokonsa da wayewarsa, babbar riga ce ƙarshen kwalliyarsa. Zai yiwu agogonsa da tabaransa da turarensa duk daga ƙetare suka zo, amma idan ranar fita kunya ta zo, riga da 'yar ciki da wando da hula yake nema. Wannan ya sa da yawa daga cikinmu muke ɗaukar cewa rigar da muke sawa ita ce dai wadda kakanninmu suka sa. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu bi sawun wannan sutura, domin mu ga abin da ya tsaya da abin da ya sauya. Abin da za mu tarar shi ne, fasalin rigar ya daɗe yana nan, amma yadin da zaren da hannuwan da ke yin ta sun sauya kusan baki ɗaya, kuma sunayensu na neman ɓacewa daga bakinmu da alƙalaminmu.

Zuwan Riga

A zamanin da, suturar manomi da maharbi ita ce walki, wato fatar akuya ko ta tunkiya da aka jeme, sai kuma bante. Riga mai faɗin hannu ta bazu ne a ƙasashen Sudan ta Yamma tare da fatauci da addinin Musulunci. Lokacin da matafiyin nan Ibn Batuta ya ziyarci daular Mali a shekarar 1352, cikin abubuwan da ya yaba wa mutanenta har da fararen tufafi masu tsabta da suke sawa ranar Juma'a. Daga wannan ƙasa ta Mali ne Wangarawa suka zo Kano a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), kamar yadda tarihin Kano ya nuna. Da yake salla na bukatar rufe al'aura, kuma malami da attajiri su ne abin koyi a gari, sai riga ta zama alamar wanda ya shigo birni ya waye.

Fada kuwa ta ƙara wa abin armashi. Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya kafa kasuwar Kurmi, shi ne ake danganta wa fara amfani da figini da takalman gashin jimina. Haka kuma ta hanyar Sahara aka samu alkyabba da jabba da kufta da jar dara, waɗanda sunayen wasu daga cikinsu ma sun isa su shaida cewa daga bakin Larabawa muka karɓe su.

Rawani da Mulki

Kada mai karatu ya ɗauka cewa maganar tufafi maganar ado ce kawai. Shekaru kaɗan kafin hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804, Sarkin Gobir Nafata ya yi doka ya hana maza naɗa rawani, mata kuma ya hana su lulluɓi, saboda ya ga cewa da wannan shiga ake gane jama'ar Shehu, ake kuma ganin yawansu. Wato sarki ya ji tsoron ƙyalle kamar yadda ake jin tsoron makami.

Bayan kafuwar Daular Usmaniyya sai riga da rawani suka zama harshen mulki. Da riga sarki ke saka wa barori da jarumai, da ita ake karrama baƙo, kuma tana cikin gaisuwar da sarakuna ke aikawa Sakkwato. Har gobe wannan yana nan cikin maganarmu, domin idan aka ba mutum sarauta sai mu ce an naɗa shi, idan kuma aka cire shi sai mu ce an tuɓe masa rawani. Haɗuwar garuruwa da yawa a ƙarƙashin tuta guda ta sa sana'ar ta bunƙasa. Masaƙan Nufe da na Ilori suka shahara, masu ɗinkin Zazzau suka yi suna, fatake kuma suka kai rigar har ƙasar Yarbawa, inda ake kiran irinta agbada.

Hannuwan da ke Bayan Riga Guda

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin riga guda ta wancan zamani takan ratsa hannun mutane da yawa kafin ta hau jikin mai ita. Manomi ne zai noma auduga. Mata a cikin gida su gurje ta, su shiɓe, sannan su kaɗa ta da mazari, su fitar da zare da abawa. Masaƙi ya karɓa ya zauna da ƙoshiya da allira, ya saƙa siraran ƙyallaye waɗanda faɗinsu bai wuce tafin hannu ba. Maɗinki ya harhaɗa waɗannan ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya da allura har su zama riga. Idan ta rini ce sai a kai ta karofi, inda marina ke haɗa baba da toka a cikin rijiyoyin rini, a tsoma a tsame har ta kamu. Daga nan sai mabuga, su ɗora ta a kan gungume su yi ta bugu, wani lokaci da garin shuni, har ta riƙa walƙiya.

Kowace irin saƙa da sunanta. Akwai saƙi, mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari kamar gashin zabo. Akwai kore, wadda ta sha baba da bugu har takan bar shuni a jikin mai ita. Akwai tsamiya, wadda ake samun zarenta daga gidan wata tsutsa da ke zama a bishiyoyi irin su tsamiya, wato alharinin ƙasarmu ke nan. Akwai kuma barage, mai ratsin jan alharinin da ayari ke kawowa daga Tarabulus. Garin Kura da ke kudu da Kano ya yi fice wajen turkuɗi da rawanin nan ɗan Kura, wanda Buzaye ba su da abin ado kamarsa.

Aikin wuya da na aljihu kuwa ilimi ne mai zaman kansa. Sau da yawa malami ne, wanda hannunsa ya saba da alƙalami da tawada, ke zana fasalin a jikin rigar, almajirai da sauran masu ɗinki su bi zanen da allura na tsawon makonni ko watanni. Daga nan muka sami aska biyu da aska takwas, masu tsini kamar wuƙaƙe suna gangarowa daga kafaɗa, da tambari, da gidan biyar, da linzami a bakin wuya, da kuma malum-malum wadda aiki ya cika ta gaba da baya. A ƙasan rigar kuma ta ciki akan yi mata shafi da wani ƙyalle mai launi, wanda ba ya bayyana sai mai rigar ya taka ko ya saɓa hannunta a kafaɗa.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kuma bayyana cewa tufafin Kano na kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, da Tambutu ta yamma, da Barno ta gabas. Ya ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa a shekara bai gaza na wuri miliyan 300 ba, a lokacin da wuri dubu 50 zuwa 60 ke riƙe iyali guda shekara sukutum. Idan muka yi lissafi, wannan ya kai abin da zai ciyar da gidaje dubu biyar. Ya kuma ambaci takalman Kano cikin kayan da ake fatauci da su. Jar fatar akuyar Sakkwato ma haka ta riƙa ƙetare Sahara, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, saboda ta can take isa gare su.

Zamanin Turawa da 'Yancin Kai

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano a 1911. Burinsu shi ne su kwashe auduga zuwa masaƙun Manchesta, su dawo mana da yadi. Da farko abin bai yi musu yadda suke so ba, domin masaƙan gida sun fi su sayen auduga da daraja, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa. Amma sannu a hankali akoko da alawayyo na kanti suka cika kasuwa saboda arha. Kamfanin BASF na Jamus ya riga ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta tun 1897, kuma da irin wannan rini ya yaɗu sai rijiyoyin karofi suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Keken ɗinki shi ma ya shigo ya rage wa allura aiki.

Abin lura shi ne, yadi ya sauya amma riga ba ta faɗi ba. A wurare da dama na Afirka kwat da lakataye ne suka zama shigar ɗan boko. A Arewa kuwa, da yake Turawa sun yi mulki ne ta hannun sarakuna da alƙalai, riga da rawani ba su rabu da iko ba, kuma ɗaliban Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, da rigunansu suka shiga aji. Saboda haka da Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960, da kuma lokacin da ya gana da Shugaba Kennedy a Amurka a watan Yulin 1961, cikin babbar riga duniya ta gan shi. Malam Aminu Kano shi kuma ya zaɓi farin yadi marar ado da jar hula, ya mai da sauƙin shiga ya zama huɗuba ga masu mulki.

'Yan siyasa sun bar sunayensu har a kan kayan ado. Hular nan zanna bukar da sunan Zanna Bukar Dipcharima, ɗan Barno kuma minista a Jamhuriya ta Farko, ake kiran ta, ita ce kuma ta ture haɓar kada da dara daga kan samari. Haka nan wajen 1998, a ƙarshen mulkin Janar Sani Abacha, aka yi yayin doguwar rigar da aka laƙaba wa suna tazarce.

Masaƙu da Shadda

An yi ƙoƙarin maido da saƙa gida ta hanyar zamani. Gwamnatin Jihar Arewa tare da wani kamfanin Ingila sun kafa masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, wasu masaƙun kuma suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau, suka ɗauki dubban ma'aikata. Sai dai tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sannan ga matsalar wutar lantarki da fasa-ƙwauri da kwararowar yadi mai arha daga Asiya, masaƙun suka riƙa durƙushewa. Ita Kaduna Textiles a 2002 ta rufe.

Shaddar da ake ji da ita kuwa tun asali ba a nan ake saƙa ta ba. Wadda muke kira gezna sunan kamfanin Getzner ne, da ke garin Bludenz a ƙasar Ostiriya, wanda aka kafa tun 1818. Mai ƙaramin ƙarfi kuma ya sayi ta ƙasar Sin a Kantin Kwari. Aikin wuya ma yanzu keken da kwamfuta ke sarrafawa kan gama cikin sa'o'i abin da allura ke yi a wata guda. Ɗinkin hannu bai mutu ba, domin tun shekarun 1970 matan birnin Zariya suka shiga sana'ar suka riƙe ta, kuma ɗinkin hula na ciyar da gidaje masu yawa daga Barno har Kano. Amma gaskiyar magana ita ce, ƙasar da a 1851 take tufatar da mutanen Tambutu da Tarabulus, yau da yadin wasu take zuwa Idi. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Kammalawa

Mene ne ruwan marubuci da wannan tarihi? Ruwansa babba ne. Sau nawa muke karanta labari a ce jarumi ya ci ado da kaya masu tsada, a wuce? Sau nawa ake kawo sarkin zamanin da a cikin wasan kwaikwayo ko ƙagaggen labari, a sa masa shadda da zanna bukar, alhali a zamaninsa babu su? Tufafi na gaya wa mai karatu zamanin mutum da garinsu da matsayinsa tun kafin ya buɗe baki. Attajirin da ya sa kore daban yake da malamin da ya sa fara, kuma saurayin da ya karya hula zuwa goshi ba ɗaya yake da dattijon da ya kife ta ba. Wanda bai san bambancin saƙi da barage ba, ya rasa wani yanki na kayan aikinsa.

Shawararmu ga 'yan uwa marubuta, musamman masu tasowa, ita ce a je wurin masu abin tun suna raye. Marinar Ƙofar Mata tana nan a Kano, masu ɗinkin hannu suna nan a Zariya, kuma a kusan kowane gari akwai tsohon masaƙi ko mabugi da zai yi murna a tambaye shi. A zauna da su, a rubuta sunayen kayan aikinsu da na zane-zanensu yadda suke faɗa, a kuma sa su cikin labarai da waƙoƙi. Mai hali kuma, idan zai ɗinka riguna uku a shekara, ya sa ɗaya ta zama ta saƙar gida da aikin hannu, ko mai sana'ar ya samu dalilin koya wa ɗansa. Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa mu dace, amin.