Aikatau "Ci" da Tarihin Sarauta a Ƙasar Gaya

Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa mai nazarin tarihin ƙasar Gaya yana bukatar sanin aikatau "ci" kamar yadda ɗan nahawu yake bukata, domin da shi Bahaushe yake ba da labarin mulki.

Ta fuskar asali, Paul Newman (1977) ya mayar da wannan aikatau ga tushen *ti na harsunan Cadi. Ganɗantawa ce ta mayar da "t" ta zama "c" kafin wasalin "i", kamar yadda muke gani a sata da saci. Ta fuskar nahawu kuwa, mai gaɓa ɗaya ne, saboda haka bai shiga rukunan nan bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960 ba. Wasalinsa gajere ne kafin suna (ya ci gari), yana tsawaita kafin wakilin suna (ya ci shi). Daga gare shi aka samu cinye, ciyo, ciwu da ciyar.

Ma'anarsa ta farko ita ce sa abinci a baki, amma tuni ta yaɗu zuwa samun iko a kan abu. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya ce a zamanin Sarkin Kano Yakubu (1452-1463) Agalfati ɗan Sarkin Macina ya zama Sarkin Gaya. Da Hausa sai mu ce ya ci sarauta. A zamanin Dadi (1670-1703) Sarkin Gaya Farin Dutse ya hana haraji shekara 3, aka yaudare shi ya zo, aka kashe shi. A nan kowane ɓangare yana iya cewa ɗayan ne ya ci amana, kuma wajibin mai tarihi ne ya tantance bakin wa yake maimaitawa.

Al'amarin bai tsaya a da ba. An ɗaukaka Gaya ta zama masarauta a 2019, aka rushe ta a 2024, sa'an nan aka maido ta a daraja ta biyu, tana riƙe da Gaya, Ajingi da Albasu. Da wannan aikatau ne talaka yake auna irin waɗannan sauye-sauye: wa ya ci zaɓe, wa ya ci sarauta, wa ya ci zali.

A ƙarshe, muna ganin ya kamata malaman Hausa da na tarihi su koyar da "ci" tare da "ciyar", domin a hankalin Bahaushe wanda ya ci gari shi ne nauyin ciyar da mutanensa ya hau kansa.