Tarihin Kula da Haziƙan Ɗalibai a Fagen Harshe da Adabin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk malamin Hausa da ya daɗe yana koyarwa ya san irin ɗalibin nan da kan karance littafin adabin da aka ba aji tun a makon farko, sannan ya zauna jiran 'yan'uwansa har zangon karatu ya ƙare. Sau da yawa manhaja ba ta yi masa wani tanadi. Wannan maƙala za ta waiwayi yadda aka kula da irin wannan ɗalibi a matakai uku na tarihin ilimi a ƙasar Hausa, domin masu tsara manhaja su ga abin da aka taɓa yi da abin da aka bari ya kuɓuce.

2.0 Zauren Malamai

A makarantun ilimi na zaure ba a haɗa ɗalibai aji guda. Kowane ɗalibi yakan zo da littafinsa, ya karanta a gaban malam, malam ya fassara masa ya yi sharhi. Idan ya sauke wannan littafi sai ya ɗauki na gaba, ba tare da jiran kowa ba. In kuwa ya ƙure abin da malaminsa ya ƙware a kai, sai ya yi tattaki zuwa ga wani. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bayyana irin wannan tafarki a littafinsa Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu. Gaskiya ne adabin Larabci ake nazarta a zaure, Hausa kuwa harshen fassara ce. Duk da haka, daga nan ne marubuta irin su Nana Asma'u (1793-1864) suka naƙalci aruli da amsa-amo, suka yi amfani da su wajen rubuta waƙoƙin Hausa da na Fulfulde.

3.0 Zuwan Boko da Gasar 1933

Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ta tattaro zaƙaƙuran samari daga lardunan Arewa, amma da Ingilishi ta horar da su. Wanda ya karkato da hazaƙarsu zuwa ga rubutun Hausa shi ne Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya, ta hanyar gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Gasar ta samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Abin lura shi ne abin da ya biyo bayan gasar. Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya na tsawon wata shida, aka tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Turawa da na sauran al'ummu, East kuma yana duba rubutunsa suna tattaunawa. Sakamakon haka shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda aka fara bugawa a 1937. Wato an gano mai baiwa, an ba shi lokaci, an faɗaɗa masa karatu, an kuma haɗa shi da mai gyara.

4.0 Bayan Samun Mulkin Kai

Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 ya sanya masu baiwa cikin waɗanda suka cancanci kulawa ta musamman. A zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida aka tsara shirin da ya haifar da makarantar haziƙai ta Gwamnatin Tarayya a Suleja. Jihar Kano kuma ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977. Sai dai a idon iyaye da malamai da dama, hazaƙa ta koma tana nufin iya lissafi da kimiyya kawai, ɗalibin da ya yi fice a Hausa kuwa akan ja hankalinsa zuwa wani fanni.

Saboda haka, a wajen aji aka ci gaba da gano marubuta. Gasar Kamfanin Buga Littattafai na Arewa ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda aka buga a 1980. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka shiga buga littattafansu da kansu, musamman a Kano, galibi ba tare da edita ba. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata marubuta.

5.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa gasa tana gano mai baiwa, amma ba ta raino. Don haka ya kamata manhajar Hausa ta tanadi jerin ƙarin littattafai ga ɗalibin da ya riga aji gamawa, kamar yadda zaure ya yi. Ya kamata kuma a ware lokacin ƙirƙirar labari da waƙa da wasan kwaikwayo, a horar da malamai kan gyaran rubutu, sannan a haɗa ɗaliban da suka yi fice da marubutan yankinsu. Idan ba a yi haka ba, za mu ci gaba da koyar da littattafan Imam alhali muna barin irinsa suna zaman jira a ajinmu.