Korona da Idon Majinyata

Tun a 2004 likitoci a Singafo suka ba da rahoton gano ƙwayar cutar SARS, 'yar'uwar korona, cikin hawayen majinyata 3 daga cikin 36. Amma ba a ɗauki zancen da muhimmanci ba sai da korona ta ɓulla a birnin Wuhan na China.

Abin mamaki, likitan ido ne ya shiga sahun farko na masu gargaɗi. Ranar 30 ga Disamba 2019 Dakta Li Wenliang na Wuhan ya ankarar da abokan karatunsa game da sabuwar cutar, 'yan sanda kuwa suka ja masa kunne. Ya koma bakin aiki, ya duba wata mai hawan jinin ido, ashe tana ɗauke da cutar. Aikin ido sai an haɗa numfashi da majinyaci. Ya kamu da cutar, ya rasu ranar 7 ga Fabrairu 2020.

A Maris ɗin shekarar, wani bincike a lardin Hubei, inda Wuhan yake, ya nuna masu korona 12 cikin 38 na fama da jan ido, kumburi ko zubar hawaye, galibinsu waɗanda jiki ya yi wa tsanani. Biyu kacal aka samu ƙwayar a idonsu. Duk da haka, asibitoci suka wajabta wa ma'aikata tabarau na kariya.