Lambar 455 da Ke Ɓoye a Cikin Akwatin Rediyo

Mai sauraro a Sakkwato da ya murɗa akwatinsa zuwa Rima Radio a kan kilohaz 540, ko Rediyon Kaduna a kan 594, bai san cewa akwatin ba ya ƙarfafa ko ɗaya daga cikinsu a yadda ta iso ba. Kowace tasha sai ya sauya ta zuwa zango guda na tsaka-tsaki, galibi 455, sannan ya tace ta.

Dabarar ta fito ne daga Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Lucien Lévy ya yi rajistar tasa a 1917, Ba'amurke Edwin Armstrong kuma a 1918, aka daɗe ana jayayya kan wanda ya riga. Akwatin yakan haifar da nasa kaɗawar, ya gauraya ta da ta tashar, bambancin da ke tsakaninsu shi ake ƙarfafawa.

Matsalar ita ce tashoshi biyu ne ke ba da bambanci iri ɗaya: wadda ake nema, da wata mai nisan ninki biyu na zangon tsaka-tsakin, wadda za a iya kira inuwarta. A farkon shekarun 1930 masana'antun Amurka sun fi amfani da 175, domin ƙaramin zango ya fi sauƙin tacewa. To amma da shi, inuwar 540 za ta faɗa a 890, kusa ƙwarai, inda wata tashar ke iya kutsowa da fito. Da 455 kuwa sai ta koma 1450, nesa da inda matatar farko ke buɗe ƙofa. Ba a iya hawa sama da haka sosai ba: a wancan lokacin 500 na kiran agajin jiragen ruwa ne, daga nan kuma sai matsakaicin zangon kansa. Turai ta zaɓi 465 ko 470, bisa wannan lissafin dai.

Sulhu ne aka yi domin matsakaicin zango, gajeren zango kuma ya ɗauki asarar. A can, tazarar 910 ba ta taka kara ta karya ba. Shi ya sa mai ƙaramin akwati a Sakkwato, yana laluben Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, kan tsinci murya ɗaya a wurare biyu, ɗaya garau, ɗaya a dushe, ya ɗauka batir ne ya yi sanyi.