Masu Buga Takarda a Ƙasar Birnin Kudu: Daga Alƙalamin Kara Zuwa Fayil Ɗin Kwamfuta

Mutumin Surko da ya sayar da gona, ko zai kai koke, ko ɗansa ya samu gurbin karatu ana neman shaidar asalinsa, yakan hau mashin ne ya nufi Birnin Kudu wajen mai buga takarda. Surko ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, kuma kamar ƙauyukan Gwaram da ke maƙwabtaka, duk abin da ya shafi hukuma sai an shigo gari. A yau mai bugun yawanci matashi ne a shago, da kwamfuta da firinta, janareto na ruri a bakin ƙofa. Wanda ya tsaya a bayansa zai ga ba ya soma rubutu daga farko. Tsohuwar takardar wani yake buɗewa, ya goge suna ya sa suna, ya canja kwanan wata da kuɗin ciniki da sunayen shaidu, ya danna bugawa. Dabarar nan ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin Sarkin Kano ne, kuma wasiƙun mulki da Larabci ake yin su. Magatakarda yana fiƙe alƙalamin kara, ya tsoma a tawada, ya yi rubutu a kan takardar da fatake suka ƙetaro Sahara da ita daga Tarabulus. Da yawa daga cikin takardun a Italiya aka sarrafa su, in an ɗaga su sama ana ganin tambarin jinjirin wata uku a jikinsu. Wasiƙar tana da ƙa'idar da ba a tsallakewa: sunan Allah da salati, sai daga wane zuwa wane, kowa da laƙabinsa daidai darajarsa, sai gaisuwa, sannan a ce bayan haka a shiga magana, wasiƙar sarki kuma a buga mata hatimi. Ƙwarewar magatakarda ita ce ya riƙe wannan tsari a ka. Abin da ke sauyawa daga wasiƙa zuwa wasiƙa ɗan kaɗan ne, sunaye ne da saƙon da ke tsakiya.

Mulkin En'e ya ninka aikin takarda. Aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, kowanne da malamansa na haraji da jangali, ga littafin ƙidaya, ga rasit. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, boko ya fara shiga ofis, tafireta ta biyo baya. A nan matsalar da har yau ba a gama da ita ba ta soma. Tafiretar da aka kawo domin Turanci aka ƙera ta, ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Turawan farko sun riƙa ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi ko su ɗora masa waƙafi. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke riƙe da hukumar talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, ta kai su ko'ina a Arewa. Amma maɗaba'a daban, teburin akawun gunduma daban. Akawu mai kula yakan buga k, in ya zare takardar ya ɗauki biro ya lanƙwasa mata kai da hannu, harafi bayan harafi. Wanda yake sauri ya bar ta haka, mai karatu ya gane da kansa ko baki ake nufi ko baƙi.

Zamanin tafireta ya yi tsawo a wannan yanki. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo sakatariya da sababbin ofisoshi, a gefen kotu kuma aka samu masu buga takardar rantsuwa da ta yarjejeniya, mutum da teburinsa da bencinsa a inuwa. Takarda uku ake jerawa da kabon a tsakani, a buga da ƙarfi don ta ƙasan ta fito. In an yi kuskure a layin ƙarshe, sai gogewa a kowace ɗaya ko a sake daga sama. A makarantu irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda Aliko Ɗangote yana cikin tsofaffin ɗalibanta, tambayoyin jarrabawa na wancan zamani a kan sitensil ake sara su, a ɗaura a injin juyawa, tawada ta ɓata hannun kowa. Da aka cire Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agustan 1991, aka mayar da Dutse hedikwata, sai kan takardar kowane ofis da hatiminsa suka buƙaci sauyi, ɗalibi da ma'aikaci kuma suka shiga neman shaidar cewa su 'yan sabuwar jiha ne. Kakar masu bugu ta yanke saƙa.

An yi yunƙurin magance matsalar haruffa tun kafin nan. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara jerin haruffa 33 da za su wadatar da harsunan Nijeriya, har shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya ba da gudummawa. Aikin ya yi kyau, sai dai kwamfuta ta riga ta kunno kai da tata rigimar.

Kwamfutocin da suka shiga jami'o'i da shagunan bugu a shekarun 1990 su ma ba su da ƙugiya. Masana suka nemo mafita. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa na Hausa masu suna Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka taimaki marubuta da maɗaba'u ƙwarai, wasu ma suka fito da nasu. Hikimar irin waɗannan haruffa ita ce aron gurbi. A wasu, an ɗauki q da x da v, tunda Hausa ba ta amfani da su, aka zana ƙ da ɗ da ɓ a mazauninsu. A wasu kuma alamomin gefen kibod aka ara. A fuskar kwamfutar mai bugu komai daidai, a takarda ma daidai. Sai ran da aka ɗauki fayil ɗin a filash aka kai wata kwamfutar da ba ta da wannan salon: ƙasa ta koma qasa ko }asa, ɗaya ta koma xaya ko ]aya, ɓangare ya koma vangare ko ~angare. Duk mai neman kundin digiri na Hausa a intanet ya ci karo da irin wannan rubutu. Ba laifin waɗanda suka ƙirƙiro ba ne, sun yi abin da zamaninsu ya ba da dama, kuma ba don su ba da littattafai da yawa sun fito babu ƙugiya ko ɗaya. Illar ita ce kwamfutar ba ta taɓa sanin ƙ aka rubuta ba. A wajenta q ce aka sa wa wata riga.

Maganin asali ya zo a shekarar da aka haifi Jigawa. A 1991 aka fitar da kundin Unicode na farko, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ƙ tana da 409, ɓ 595, ɗ 599, haka ma manyansu, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Nijeriya ke rubuta 'y. Amma an ɗauki shekaru kafin kibod da salon haruffa da manhajojin da ke hannun jama'a su cim masa.

Saura matsala ta biyu, ita ce fayil ɗin kansa. Microsoft Word, da ya fito a 1983 ya kuma mamaye shagunan bugu, yana adana aiki ne a tsarin doc, wanda cikinsa lambobi ne da ba mai iya karantawa kai tsaye, kuma kamfanin bai saki cikakken bayaninsa ga kowa ba sai a 2008. Alhali tun 1969 Charles Goldfarb da abokan aikinsa a IBM suka fito da wata hanya: a rubuta magana a fili, a kewaye kowane yanki da alamar da ke faɗin ko mene ne shi, wannan kanu ne, wannan sakin layi ne. Hanyar ta zama ƙa'idar duniya mai suna SGML a 1986, aka sauƙaƙa ta ta zama XML a Fabrairun 1998. Daga XML aka gina tsari biyu na takardun ofis. OpenDocument, mai fayil ɗin odt, ya samo asali daga OpenOffice, ya samu amincewar hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, a 2006. Microsoft ya fito da nasa, Office Open XML, wato docx, wanda ya zama tsarin Word daga Office 2007, ISO ta amince da shi a 2008 bayan taƙaddama mai zafi. Afirka ta Kudu, wadda gwamnatinta ta riga ta zaɓi OpenDocument, tana cikin ƙasashen da suka ɗaukaka ƙara tare da Indiya da Brazil da Venezuela, ba su yi nasara ba. Abin da ake jayayya a kai ba ƙarami ba ne: takardar hukuma da aka adana yau, wa zai iya buɗe ta bayan shekara hamsin, kuma sai ya biya wa?

Matashin da ke shagon Birnin Kudu yana adana docx kullum, kuma zai iya leƙa cikinsa a yau ɗin nan. In ya canja ƙarshen sunan fayil ɗin daga docx zuwa zip ya buɗe, zai tarar abin kamar gafakar malami ne, jaka ɗaya mai ɗauke da warwararrun takardu. Ɗaya tana riƙe da salon rubutu, wata hotuna, babbar cikinsu kuma, document.xml, ita ke ɗauke da maganar. A cikinta kowane sakin layi yana tsakanin alamar w:p, kowane guntun rubutu mai kama ɗaya yana cikin w:r, kalmomin kansu suna cikin w:t, ana karanta su da ido. A odt kuwa babbar takardar sunanta content.xml. Tsarin da magatakarda ya riƙe a ka, akawu ya riƙe a yatsu, ga shi an rubuta shi dalla-dalla yadda na'ura za ta bi.

Amfanin farko shi ne na'ura ta iya haɗa takarda ba tare da kowa ya buɗe Word ba. A tsara takarda guda a bar gurbin suna da aji da maki, a ba ƙaramar manhaja jerin ɗalibai, ta cike gurbi ta fitar da sakamakon kowa, ɗari biyar ko dubu, kafin a sha shayi. Jama'ar yankin sun saba da 'ya'yan wannan dabara ko da ba su san sunanta ba. Silif ɗin JAMB, wadda ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, da silif ɗin lambar ɗan ƙasa, ba wani akawu ne ya zauna ya buga su ba, tsari ne guda da na'ura ke zuba bayanin kowa a ciki. Juya fayil daga wani tsari zuwa wani ma ya zo da sauƙi: LibreOffice, wadda kyauta ce, tana iya mayar da tarin tsofaffin doc su koma docx ko odt ko PDF da umarni ɗaya, haka ma Pandoc da John MacFarlane ya fara a 2006 tana juya docx zuwa tsare-tsare da dama.

Amfani na biyu shi ya fi shafar Hausa. Sauya tsarin fayil kaɗai ba ya gyara qasa ta koma ƙasa. Wanda kuma ya ce wa Word ya mayar da kowace v ta zama ɓ zai lalata duk sunan Turanci da ke cikin kundin, musamman a shafin manazarta. To amma XML yana rubuta sunan salon haruffan da aka yi amfani da shi a jikin kowane guntun rubutu. Ke nan ana iya rubuta manhajar da za ta bi guntayen ɗaya bayan ɗaya, inda ta ga tsohon salon Hausa ta musanya haruffan aro da na gaskiya, inda ta ga wani salon ta wuce. Aikin yana da tarko. Word yakan tsinka kalma guda gida biyu ko uku in an taɓa gyara ta, wasu masu bugun kuma sun buga Hausa da Turanci duk da salo ɗaya, don haka dole mai jin harshen ya bi bayan na'ura ya duba. Duk da haka, aikin da zai ci wata guda a hannu yana iya ƙarewa a yini.

Ajami ma ya samu shiga kwamfuta. Unicode ya ƙara haruffan da marubutan Afirka ta Yamma ke buƙata, ƙungiyar SIL kuma ta fitar da salon haruffa mai suna Alkalami da aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano.

Abin da ya rage aikin mutane ne. Wasiƙar da aka rubuta da alƙalamin kara shekara ɗari da suka wuce tana karantuwa in gara ba ta ci ta ba, amma kundin Hausa da aka buga a 2003 yana iya zama a mataccen faifai, cikin salon haruffan da ba kowa ke da shi ba. Jihar Jigawa tana da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, kuma ɗalibin kimiyyar kwamfuta da na harshe za su iya haɗa kai su rubuta manhajar musanya haruffan aron nan a matsayin aikin kammala karatu, su raba ta kyauta. Masu shagunan bugu a Birnin Kudu da Gwaram kuwa, gyaran nasu bai kai haka wahala ba: su sa kibod ɗin Hausa a kwamfutocinsu kamar yadda yake a wayoyinsu, su daina buga sabon aiki da haruffan aro, tsofaffin takardun cinikin gona da na gado da ke ajiye a wurinsu kuma su juya su zuwa docx ko odt, su ajiye kwafi a wuri na biyu tun kafin kwamfutar ta mutu.